Kontar ɗaya, ƴan'uwa uku: wa zai biya kuɗin wutar?

Mai Rubutun Alhaji: Assalamu alaikum ƴan'uwa na wannan zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon saƙon. Ni ke riƙe da kayen lissafi a wajen baffana Alhaji, nan unguwar Zariya a Maradi. Gida guda muka kama haya, ƙofa ɗaya, kontar wuta ɗaya, amma sana'a uku ake yi a ciki. Babban ɗansa na kula da mangazar wake da aya, na tsakiya na kan injin niƙa, auta kuma ƙanƙara da ruwan leda. Alhaji ya ce kowa zai ɗauki kashi ɗaya cikin uku na ribar ɓangarensa, saura na gida ne.

Abin da kowane ɓangare ya kashe wa kansa ba a gardama a kai, kamar sayen wake da buhuna, ko wasa haƙoran inji, ko leda. Rigimar tana kan kuɗin ɗawainiyar da muke tarayya a kansu. Ga na watan jiya, jika ɗaya sefa dubu ce: haya jika 180, faktir ɗin wuta jika 240, gazuwal na gurup (janareta) jika 120, masu gadi biyu jika 80, albashina jika 90, ruwa jika 30, abincin rana na ma'aikata jika 60. Duka jika 800.

Ni dai bisa ciniki na raba. Mangaza ta sayar da na miliyan 6, inji ya kawo jika 1,200, ƙanƙara jika 800. Ya zama kashi 15 da 3 da 2, kashi 20 ke nan, kowane kashi jika 40. Sai mangaza ta ɗauki jika 600, inji 120, ƙanƙara 80. To kafin a cire wannan, ribar mangaza jika 480 ce, ta inji 520, ta ƙanƙara 400. Da na cire, mangaza ta faɗi da jika 120, inji ya tsira da 400, ƙanƙara da 320. Yaya babba ya ce na haɗa baki da ƙannensa, kwana uku ke nan ko gaisuwata ba ya amsawa. Alhaji kuma har ya fara cewa a rufe mangazar tunda asara take yi. Ina na yi kuskure?

Ɗan Mokoyo: Wa alaikumus salam. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan! Mutum yana zaune cikin ƙurar wake da fanka ɗaya da ƙwan fitila, ka ɗora masa kuɗin wutar firigo bakwai. Ai ma ya yi haƙuri da gaisuwa kawai ya hana ka.

Mai Rubutun Alhaji: Bakwai ɗin kuwa ne wallahi, kamar ka leƙa.

Ɗan Mokoyo: Na san gidan mana, can nake kai niƙan tuwon gidanmu. Ni shawarata a raba uku daidai wa daida, kowa jika 266 da ƴan kai, a huta. Uwa ɗaya uba ɗaya, mene ne na dogon lissafi?

Hajiya Mai Aya: A'a ƙanena, raba daidai ma ba adalci ba ne, sai dai zaman lahiya na kwana biyu. Kai ba ka taɓa shiga watanda ba? In anka yanka sa ana gobe Salla, wanda ya zuba jika ashirin da wanda ya zuba jika biyar, kashi ɗaya ake ba su? To nan ma haka abin yake, sai dai a juye. Wanda ya hi ci shi ya kamata ya hi biya.

Kai kuma mai rubutu, bari in gaya maka abin da yayanka ke ji a ransa, don sana'armu guda da shi. Kuɗin hatsi kuɗin wucewa ne. Buhun aya in ka saye shi ka sayar, abin da ke maƙalewa a hannunka bai taka kara ya karya ba. Dubi naka lissahin da kanka: miliyan 6 ta ratsa ta hannunsa, jika 480 kaɗai ta tsaya, wato 8 cikin 100. Auta kuwa ciniki na jika 800, rabi cur ya tsaya. Ruwa ne fa ya daskare. Ka auna su da mudu ɗaya?

Tsohon Kwantabul: Hajiya ta riga ni. Ɗana mai rubutu, lissafinka ba shi da kuskure ko na dala, na bi shi da biro. Ma'aunin ne ba daidai ba. Ka ɗauki tsani mai kyau ka jingina a katangar da ba ita ba.

Tambaya guda ake yi wa kowane kuɗi kafin a raba shi: me ya jawo shi? Haya, fili ya jawo ta. Wuta, injuna suka sha ta. Abinci, bakuna suka ci shi. Ciniki bai jawo ko ɗaya daga cikinsu ba. In gobe farashin wake ya ninka, cinikin yayanka zai koma miliyan 12, amma mai gida ba zai ƙara haya ba, kamfanin wuta NIGELEC ba zai ƙara masa faktir ba. A tsarinka kuwa kasonsa zai ƙaru, na ƙannensa ya ragu, alhali babu abin da ya sauya a cikin gidan. Daga nan kaɗai ka san ma'aunin ya karkace.

Abin da za ka yi, kada ka dunƙule jika 800 ka raba su sau ɗaya. Ka warware su bakwai yadda ka kawo su, kowane ka nemo masa nasa ma'aunin. Mu a aiki mabuɗin rabo muke ce masa, haka Faransanci ya kira shi. Ka samo mini faɗin kowane ɓangare da mita, yawan ma'aikatan kowa, da kimar kayan da ke kwana a kowane ɗaki.

Mai Rubutun Alhaji: To Baba. Faɗin yana cikin takardar haya: mangaza murabba'in mita 300, ɗakin inji 150, na ƙanƙara 90. Akwai kuma tsakar gida da ƙaramin biro inda nake zama, wajen 60. Ma'aikata: mangaza 4, inji 5, ƙanƙara 3. Kaya kuwa, a watan jiya hatsin da ke ajiye ya kai na miliyan 12, injuna wajen miliyan 5, firigo da injin leda miliyan 3.

Tsohon Kwantabul: Madalla. Tsakar gida ka bar ta waje, ta kowa ce, za ta bi rabon da kanta. Saura 300 da 150 da 90. Raba kowane da 30, ka sami 10 da 5 da 3. Haɗa su, kashi 18. Haya jika 180, kowane kashi jika 10. Mangaza 100, inji 50, ƙanƙara 30.

Abinci ya fi sauƙi. Baki 12, jika 60, kowane baki jika 5. Mangaza 20, inji 25, ƙanƙara 15.

Masu gadi kaya suke tsaro, saboda haka 12 da 5 da 3, kashi 20, kowane jika 4. Mangaza 48, inji 20, ƙanƙara 12. Ka ga a nan mangaza ce ke ɗaukar mai yawa, kuma daidai ne. Ɓarawo buhun wake yake iya saɓawa, ba ya saɓa injin niƙa.

Wuta na bar wa masu ita, akwai wanda ya fi ni sani a zauren nan.

Mai Gyaran Wuta na Sabon Gari: Ga ni Baba, ina karantawa tun ɗazu. Mai rubutu, ka je bayan motar injin, wato na'urar lantarkin da ke juya shi, akwai ɗan farantin ƙarfe a manne, ka goge garin da ya rufe shi, za ka ga lamba da kW, wato kilowat, a gefenta. Firigo ma kowanne na da takarda a baya ko a gefe. Sannan ka duba faktir, nawa kontar ta ci a watan.

Mai Rubutun Alhaji: Na dubo maigida. Sai da na sa tsumma da kananzir kafin rubutun ya fito. Motar inji 10 kW, tana aiki wajen awa 6 a rana, kwana 25 a wata. Firigo bakwai, kowanne wat 300. Faktir ta nuna kontar ta ci kilowat-awa 3,000.

Mai Gyaran Wuta na Sabon Gari: Shi ke nan. Ƙarfi sau awa sau kwana. Inji: 10 sau 6 sau 25, 1,500. Firigo: bakwai sau 300 wat 2,100 ne, wato kilowat 2 da ɗigo 1. Ba awa 24 za ka lissafa ba, don injin firigo yana hutawa in ya ƙoshi, amma a zafin Maradi kuma ana ta cusa masa ruwa mai ɗumi, hutun kaɗan ne. Ka sa awa 20, kwana 30, ya ba ka 1,260, mu ce 1,250. Abin da ya rage 250 ne, fitilu da fankoki. To 250 da 1,500 da 1,250, wato 1 da 6 da 5. Kashi 12, jika 240, kowane jika 20. Mangaza 20, inji 120, ƙanƙara 100.

Gurup ɗin naku yana ɗaukar injin niƙa?

Mai Rubutun Alhaji: Ina! Da an kunna motar sai ya yi tari ya mutu. In an ɗauke wuta inji tsayawa yake yi, gurup firigo da fitilu kawai yake ja.

Mai Gyaran Wuta na Sabon Gari: To mai inji ba ruwansa da gazuwal, ko tamma ɗaya kada a ɗora masa. Tsakanin mangaza da ƙanƙara ne, 1 da 5. Jika 120 a kashi 6, mangaza 20, ƙanƙara 100. Amma gaskiya ɗaya ce, duk wannan kintace ne. Ku sayi ƙaramar kontar ku sa wa layin inji ɗaya, layin firigo ɗaya, bayan babbar, a cikin gida. Aikin yini guda ne. Daga nan ba mai musu, lamba ce za ta yi magana.

Ɗan Kasuwar Tasawa: Ku tsaya. 250 ɗin nan da aka jibga wa mangaza, har da fitilar ƙofar gida da fankar mai rubutu da cajin wayoyin kowa a ciki. Mai wake shi kaɗai ke cajin waya?

Mai Gyaran Wuta na Sabon Gari: Kana da gaskiya, amma muna magana ne a kan abin da bai wuce jika 5 ko 6 ba. In sun sa kontar sai su ware shi.

Tsohon Kwantabul: Ku bar shi haka tukuna. Wanda ya ce sai ya bi kowace dala har raminta, kuɗin biro da takarda zai fi abin da yake nema.

Saura ruwa da albashi. Ruwa kowa ya san mai sha, ku sa 1 da 1 da 4: jika 5, jika 5, jika 20. Albashinka kuwa ɗana, kai kaɗai ka san inda yininka ke tafiya. Faɗi tsakaninka da Allah.

Mai Rubutun Alhaji: Rabin yinina a mangaza yake ƙarewa Baba, saboda bashi. Masu ɗauka su kai Jibiya da Katsina ba sa biya nan take, ni ke bin su a waya, ni ke juya naira zuwa sefa. Inji kuɗin ƙanana ne amma da yawa, kullum da yamma sai na ƙirga tarin silalla. Ƙanƙara auta da kansa yake rubutawa, ni dubawa kawai nake yi. Zan ce 3 da 2 da 1.

Tsohon Kwantabul: Kashi 6, jika 90, kowane jika 15. Wato 45, 30, 15. Yanzu tara.

Mai Rubutun Alhaji: Mangaza: 100, 20, 20, 48, 45, 5, 20, ya tashi 258. Inji: 50, 120, babu gazuwal, 20, 30, 5, 25, ya tashi 250. Ƙanƙara: 30, 100, 100, 12, 15, 20, 15, ya tashi 292. Duka 800 cif. In na cire daga riba, mangaza ta tsira da 222, inji 270, ƙanƙara 108. Innalillahi. Ashe mangaza ba ta taɓa faɗuwa ba, ni na kayar da ita da biro.

Ɗan Mokoyo: Jama'a ku dube ni da kyau. 258, 250, 292. Ni na ce 266, 266, 266 tun da hantsi, aka ce ban san watanda ba. An yi ta kilowat da murabba'i har la'asar, an zagaya an dawo ƙofar gidana. Hajiya, ina jiran ban haƙuri, ko da kunun aya ne.

Hajiya Mai Aya: Kunun aya za ka sha, ban haƙuri kam babu. Wanga wata ne kawai lissahi ya faɗo kusa da naka. Bari Disamba ta zo, sanyi ya sauka, a kashe firigo biyar cikin bakwai, a daina tada gurup. Ka ce auta ya biya 266 a watan da ko ƙanƙarar jika 200 bai sayar ba? Ko lokacin kaka, sa'ad da mangaza ke cika har rufi, a ƙara mai gadi na uku saboda ita kaɗai?

Ɗan Kasuwar Tasawa: Ni ban yarda da hanyar Baba gaba ɗaya ba, kuma ba raini ba ne, ranka ya daɗe. Akwai abin da ake cewa ƙarfin ɗauka. A gidanmu in za a yi gyaran soro, mai hali ya fi ba da yawa ko da ɗakinsa ne ƙarami. Me zai hana a raba bisa riba? 480 da 520 da 400. Mai samu da yawa ya ɗauki da yawa, ba wanda zai faɗi.

Tsohon Kwantabul: Ba raini ɗana, tambaya ce mai kyau, kuma akwai kuɗin da hanyarka ta fi dacewa da su. Fatanti (harajin sana'a), sadakar da ake fitarwa da sunan gida, kuɗin shara, abubuwan da in ka tambaye su me ya jawo ku ba su da amsa. Waɗannan a raba bisa riba, ko ma a bar su a dunƙule a cire daga ribar gida. Amma ka sa wuta a wannan ma'auni ka ga ɓarna. Yau auta ya ƙaro firigo uku, faktir ta hau da jika 40. Bisa riba, shi abin da zai biya bai kai jika 12 ba, sauran ƴan'uwansa su biya masa. Me zai sa ya kashe firigon da ba kowa a ciki? Shi kuwa wanda ya tashi da asuba ya ƙara riba, ladansa shi ne a ƙara masa kaya. Kana hukunta mai ƙoƙari, kana lallashin mai ɓarna.

Ɗalibar Jami'a: Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Mu ma an koya mana wannan a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, amma da gaske sai yau na ga amfaninsa. Abin da kuka yi ya yi kama da hanyar da malamai biyu na Harvard a Amurka, Robin Cooper da Robert Kaplan, suka yaɗa a ƙarshen shekarun 1980, wadda ake bin aiki a ga wa ya jawo shi maimakon a raba komai da ma'auni ɗaya. Tambayata, doka ta tilasta a yi wannan rabon ne? Na san SYSCOHADA, wato dokar tsarin lissafin kasuwanci, da aka sabunta ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018.

Tsohon Kwantabul: Ƴata, Amurkawa sun gyara ne, ba su suka fara ba. Mu da muka yi karatu a tsarin Faransa, hanyar rarraba kamfani sassa-sassa muka koya, wadda wani hafsan soja injiniya mai suna Emile Rimailho ya tsara tun ƙarshen shekarun 1920. Tunanin guda ne, sai dai su Kaplan sun ƙara yawan mabuɗan.

Batun doka, lissafi iri biyu ne. Akwai na waje, wanda OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci da yarjejeniyar 1993 ta kafa, ta tsara wa ƙasashe 17 har da Nijar, shi ne wanda ƴan lanho, masu karɓar haraji, ke dubawa. Su gidan Alhaji gaba ɗaya suke kallo: nawa ya shigo, nawa ya fita, an biya TVA, harajin da ake ɗorawa kan kaya, na 19 cikin 100 inda ta wajaba ko ba a biya ba. Ba ruwansu da ko wake ne ya biya mai gadi ko ƙanƙara. Wanda muke yi yau na cikin gida ne, mai dukiya ke zaɓar mabuɗansa. Shi ya sa ake iya cutar mutum da shi ba tare da an karya doka ko ɗaya ba.

Kuma ki lura da abu guda. Da rabon farko da na biyu, ribar gida jika 600 ce, ba ta motsa ba. Rabo ba ya haifar da kuɗi, aljihu kawai yake sauya musu.

Hajiya Mai Aya: Wannan maganar ita nake so a kai wa Alhaji, don batun ruhe mangaza shi ya hi tada mini hankali. Ko da lissahin farko ne daidai, ruhewa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ɗalibar Jami'a: Bari in gwada Hajiya, Baba ya gyara mini. In an rufe mangaza, jika 480 ta tafi. Me za a daina biya? Abincin mutum huɗu 20, wutarta 20, gazuwal 20, ruwa 5. Jika 65 ke nan. Haya tana nan tunda gida guda ne, masu gadi suna nan, mai rubutu yana nan. To 600 a cire 480 a ƙara 65, saura 185. Gidan da ke samun jika 600 ya koma 185.

Tsohon Kwantabul: Ba gyara. Har ma kin yi wa rufewar alheri, don fitilar ƙofa ba za a kashe ta ba. Sai fa in za a ba wani hayar ɗakin, wannan lissafi ne daban. Na ga irin haka da idona lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Wani da nake yi wa lissafi, ba zan kama suna ba, ya ga ɓangaren da ke kai kaya Kano ya ja baya, ya rufe shi ya sallami yara. Kuɗin hayar da ɓangaren ke ɗauka ya dawo kan shagon da ya rage, shi ma ya fara nuna asara a takarda. Saura ƙiris ya rufe shi ma. Da aka buɗe iyaka, abokan cinikinsa sun riga sun kama wani.

Mai Gyaran Wuta na Sabon Gari: Ku tuna 2023 ma, da Najeriya ta yanke mana wuta a farkon Agusta. Masu ƙanƙara da gurup suka rayu. Duk gidan da ke raba gazuwal bisa ciniki a lokacin, mai hatsi ne ya riƙa saya wa mai ƙanƙara mai bai sani ba.

Malam na Limanci: Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama, Allah ya saka wa kowa. Abu biyu zan ƙara. A mazhabarmu ta Malikiyya, in mutane suka haɗa jari, riba da asara bisa gwargwadon jarin kowa ake raba su. To amma a nan dukiyar ta mahaifi ce, ƴaƴa aiki suke yi a kan kaso, saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ne sharaɗin ya fito fili tun kafin a shiga wata. An ce wa mutum kashi ɗaya cikin uku na riba, ba a gaya masa yadda za a auna ribar ba, ai an bar ƙofar husuma a buɗe. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, a kan rubuta ma'amala take.

Na biyu, watannin da suka wuce. Mai rubutu, wata nawa kana raba musu bisa ciniki?

Mai Rubutun Alhaji: Allah gafarta Malam, wata biyar. Amma a huɗun farko ba a yi rigima ba, don cinikin mangaza bai kai haka ba.

Malam na Limanci: To akwai haƙƙi a ciki. Dubi watan jiya kaɗai. Auta ya karɓi sulusin 320 alhali sulusin 108 ne nasa, babban kuma bai sami komai ba alhali yana da jika 74. Kada kai ka yanke hukunci. Ka sake lissafin wata biyar ɗin, ka ajiye gaban Alhaji, ya tara su uku. In babban ya yafe, ya sami lada. In ya ce a biya shi, haƙƙinsa ne, a tsara yadda za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan.

Ɗan Mokoyo: Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. An sasanta da babba, yanzu auta ne zai daina amsa gaisuwa.

Ɗan Kasuwar Tasawa: Ni har yanzu akwai abin da ke damuna. Yaran mangaza huɗun nan, na tabbata su ke sauke buhunan masu kawo niƙa in an yi cunkoso. Kuma in mai inji na son masara, a mangaza zai ɗiba a farashin sari. Wa ke biyan wannan?

Mai Rubutun Alhaji: Haka ne kuwa, musamman ranar Litinin da Juma'a. Ba a taɓa rubutawa ba.

Tsohon Kwantabul: Masarar a rubuta, a farashin da zai sayar wa baƙo a ranar, ko da kuɗi ba zai fita daga hannu zuwa hannu ba. Saukar buhu kuwa, in awa ɗaya ce ko biyu a mako, ku bar ta a zumunci. In ta zama yini guda, a maida yaro ɗaya cikin lissafin inji na wannan rana.

Akwai wanda ya fi wannan girma da ba ka ambata ba, ɗana. Firigo na tsufa, motar inji na tsufa. Firigon da ka saya jika 300, in shekara 5 zai yi, kowane wata jika 5 yake ci ko ba ka gani ba. Bakwai jika 35. Wannan ba na rabo ba ne, kai tsaye kan mai firigo yake. Haka mai inji da nasa. Ka buɗe masa shafi.

Sannan cefanen gidan Alhaji. Ban tambaye ka ba, amma shekaru na yi ina wannan aiki a garin nan. In ana aiko yaro ya karɓi na cefane daga akwatin inji saboda shi ke da canji, kada ka sa shi cikin ɗawainiya, kada kuma ka bar shi ya rage cinikin inji. Ka rubuta shi da sunan Alhaji.

Mai Rubutun Alhaji: Baba kamar kana gidan. Kullum jika 3, daga akwatin inji.

Hajiya Mai Aya: Jika 90 a wata ke nan fa. Na tsakiyar ma ashe ana cinsa, shi dai bai iya hushi ba ne.

Ɗalibar Jami'a: Baba, mabuɗan nan kowane wata za a sake su?

Tsohon Kwantabul: Na haya ya zauna sai an rushe bango. Na wuta da gazuwal kowane wata, daga kontar. Na gadi kada ku bi wata-wata, don hatsi na hawa da sauka, ku duba sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma farkon damina. Na albashi shekara-shekara. A rubuta a takarda guda, su uku su sa hannu, Alhaji ya ajiye.

Mai Rubutun Alhaji: Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana huɗu. Jiya bayan isha'i Alhaji ya tara mu a zaure. Na karanta duka biyun, tsohon rabo da sabo. Yaya babba bai ce uffan ba sai da na kai kan gazuwal, sannan ya ce in maimaita. Auta ya ce awa 20 ta yi yawa, firigonsa ba sa wuce awa 15. Alhaji ya ce to a sa kontar, wanda lamba ta kama shi ke nan. Na wata biyar, babban ya yafe rabi, rabi za a riƙa cirewa jika 15 kowane wata. Maganar rufe mangaza ta mutu. Na cefane kuma Alhaji ya yi dariya ya ce a rubuta, amma kada a nuna wa uwargidansa.

Maigida mai gyaran wuta, yaushe za ka samu zuwa? Layin inji waya uku ne, na firigo ɗaya.

Mai Gyaran Wuta na Sabon Gari: Asabar da safe in Allah ya kai mu. Ta inji daban ce da ta firigo, kada ka saya da kanka, mu je kasuwa tare. A gaya wa masu niƙa inji zai tsaya har azahar.

Ɗan Mokoyo: Asabar? To bari in kai namu tun Juma'a.